Ina aka yar da "wataƙila"?

Daren Talatar da ta wuce muna zaune a teburin mai shayi a bakin kasuwar Mile 12, muna jiran tirelar tumatir da aka ce ta baro Ogbomosho tun la'asar, sai ɗan yayata ya miƙo mini waya. Ya ce, "Kawu, kalli nan. An gano abin da ya kashe dainoso."

Bidiyo ne na minti biyu da 'yan daƙiƙu. Murya ce ta Hausa mai kauri, irin ta masu tallar maganin basir a tasha, ga wani kiɗa mai ɗaga hankali a ƙarƙashinta. Mai maganar ya ce masana a Amurka sun "tabbatar" cewa wani baƙin abu da ido ba ya gani, wai shi dak mata, shi ne ya hallaka manyan dabbobin nan na zamanin da, kuma yana nan tafe, zai sake dawowa. Ya rufe da cewa a tura wa mutum goma.

Mai shayi yana kaɗa ƙwai ya ce, "Wace mata kuma? Dama na san sai an samu mace a ciki." Aka kwashe da dariya. Wani dattijo dillalin albasa da muke kira Baba ya ja tsaki, ya ce duk ƙaryar Bature ce, wa ya ga dainoson, wa ya ƙirga shekara miliyan? Wani yaro ɗan dako kuwa ya yanke hukunci nan take: abin da ba a gani amma yana da ƙarfi, ai aljanu ne, Turawa ne kawai ba sa son kiran sunan.

Ni dariyar ba ta zo mini ba, don na san asalin maganar, kuma na san abin da aka cire daga cikinta.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Masaniyar da ta kawo wannan tunani, Lisa Randall ta Jami'ar Harvard, ba ta yi ƙarya ba. Hasashe ta yi, ta kuma faɗa da bakinta cewa hasashe ne. Wanda ya ɗauko maganar ya juya ta zuwa Hausa shi ne ya yar da kalmar "wataƙila" a hanya, ya sa "an tabbatar" a gurbinta. Wannan ha'inci ne, daidai da na mai cika ƙasan kwando da ruɓaɓɓen tumatir ya jera masu kyau a sama. Kuma ɓarnar ba ta tsaya kan yaron da ya gaskata ba, ta kai har kan Baba, wanda ya ji ƙanshin ƙarya ya zubar da kwandon gaba ɗaya, da ruɓaɓɓen da mai kyau.

Abin da aka riƙe a hannu

Dainoso sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in halittun da ke duniya a lokacin. An daɗe ana gardama kan dalili.

A 1980 wani masanin duwatsu, Walter Alvarez, da mahaifinsa Luis Alvarez, da abokan aikinsu biyu, suka fitar da sakamakon awon wani siririn yumɓu da suka ɗebo kusa da garin Gubbio a Italiya. Kaurin yumɓun bai wuce na ɗan yatsa ba, amma yana zaune daidai kan iyakar da ƙasusuwan zamanin dainoso suka ƙare. Sun tarar da wani ƙarfe mai suna iridiyam ya yi yawa a cikinsa fiye da kima. Wannan ƙarfe yana da wuyar samu a doron ƙasa, amma duwatsun da ke faɗowa daga sama suna ɗauke da shi. Sai suka ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo.

Aka ce musu, to ina ramin? Sai da aka shekara goma ana wannan tambaya. Ashe tun 1978 wasu masu neman man fetur a Meziko sun hango alamar wani makeken da'ira a binne ƙarƙashin yankin Yucatan, rabi a ƙasa rabi a teku, ba wanda ya kula su sosai. A farkon shekarun 1990 aka haɗa biyu da biyu. Ramin Chicxulub ke nan. Faɗinsa kusan kilomita 180, wato ya fi tazarar Legas zuwa Ibadan, ya yi kusa da Kano zuwa Katsina. Dutsen da ya haƙa shi kuwa faɗinsa kamar kilomita 10. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce. Duk ranar da ka maƙale a kanta cikin cunkoso, ka dubi farkonta ka dubi ƙarshenta, ka ƙaddara dunƙulen dutse mai wannan girma yana sauka da gudun da ya fi na harsashi ninki-ninki.

Ƙura da toka da hayaƙi suka rufe rana, duniya ta yi sanyi, tsirrai suka mutu, masu cin tsirrai suka bi, masu cin nama suka bi su. Akwai masanan da ke ƙara cewa aman wutar duwatsu a yankin Deccan na Indiya ya riga ya jigata duniya kafin dutsen ya iso. Ana nan ana tattauna rabon laifin. Amma ramin yana nan, an haƙa cikinsa a 2016 an ɗebo duwatsunsa, yumɓun kuma an same shi a wurare da dama a faɗin duniya.

Ba duka suka ƙare ba, a ce dai. Tsuntsaye zuriyar dainoso ne. Ƙwan da mai shayi yake kaɗawa a daren nan, na jikokinsu ne.

Lodin da ba ya cikin takarda

Shi kuma dak mata, wato dark matter a Turance, fa? Wanda ya fassara shi da "baƙin abu" ya fara ɓata mana hanya tun daga suna, don a kunnen Bahaushe baƙin abu sai sharri. Abin nan ba baƙi ba ne, ba shi da launi ko kaɗan. Ba ya fitar da haske, ba ya tare shi, ba ya mayar da shi. Da nauyinsa kaɗai aka san shi. Ni ɓoyayyen nauyi zan kira shi.

Aikina a kasuwa rubutu ne, ni ke shigar da kwanduna da buhuna a littafi. Idan tirela ta shigo a lulluɓe da tamfol, direba ya miƙo takarda ta ce kaya kaza ne, tsohon dillali ba ya ma buƙatar a kwance igiya. Yana duban yadda tayoyi suka lotsa, yadda sifirin ya kwanta, yadda motar ke nishi a kwana, sai ya ce, "Direba, akwai abin da ba ka rubuta ba." Bai ga kayan ba, amma ya ga aikinsu.

Haka masana taurari suka yi. A 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa wasu garken taurari suna gudu fiye da yadda nauyin da ake gani zai iya riƙe su. A shekarun 1970 Vera Rubin ta auna yadda taurarin da ke gefen garke suke kewayawa, ta tarar suna sauri kamar na kusa da tsakiya. Da abin da ido ke gani ne kawai ke jan su, da tuni sun fizge sun watse. Akwai lodin da ba ya cikin takarda. Lissafin da ake da shi yanzu ya nuna ɓoyayyen nauyin ya ninka duk abin da muke gani, taurari da duniyoyi da mu kanmu, kusan sau biyar.

Amma har yau ba a kwance tamfol ɗin ba. An gina manyan na'urori a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya da cikin tsohon ramin zinariya a Dakota ta Kudu a Amurka, ana dakon ko ƙwaya ɗaya ta wannan abu ta taɓa su, shiru.

Ga ɗan dakonmu mai maganar aljanu: ɗana, aljanu al'amarin gaibu ne, malamai ke da bakin magana a kai. Wannan kuwa abu ne da ake ɗora wa sikeli ana cewa ninki biyar. Ba duk abin da ido bai gani ba ne aljani. Iskar da ke ɗaga rufin kwano a damina ma ba ka taɓa ganinta ba.

To, ina haɗin?

A 2014 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Lisa Randall da Matthew Reece, suka wallafa wata maƙala, a 2015 kuma Randall ta faɗaɗa maganar a littafi. Daga nan labarin ya bazu, har ya gangaro wayar ɗan yayata bayan shekara goma, ya canza kama.

Ga tunanin nasu. Garken taurarin da ranarmu take ciki shimfiɗe yake kamar faifai. Rana da 'yan rakiyarta suna kewaya tsakiyar faifan, zagaye ɗaya yana cin fiye da shekara miliyan 200. Amma ba a miƙe suke tafiya ba, suna hawa suna sauka, kamar allurar tela da ke shiga ƙyalle tana fita yayin da ɗinki ke gaba. Kusan duk bayan shekara miliyan 30 da wani abu sai allurar ta ratsa tsakiyar faifan.

Can nesa kuma, bayan duk duniyoyin da ke kewaya rana, ana kyautata zaton akwai tarin dunƙulen ƙanƙara da ƙura marasa adadi, waɗanda ake kira gajimaren Oort, daga sunan Jan Oort da ya kawo bayaninsa a 1950. Daga can taurari masu wutsiya da yawa ke fitowa. Riƙon da rana ta yi musu sako-sako ne, kamar kwandunan da aka ɗora a can saman lodi ba a ɗaure da kyau ba. Mota na shiga gargada sai ɗaya ko biyu su sulluɓo.

Randall da Reece suka ce: a ɗauka wani ɗan kaso na ɓoyayyen nauyin nan yana da wata ɗabi'a ta daban da ke sa shi ya taru ya zama siririn faifai mai nauyi a tsakiyar babban faifan. Idan haka ne, duk lokacin da rana ta ratsa shi, kimanin duk shekara miliyan 35, to ta shiga gargada ke nan. Kwanduna za su zubo, wani zai nufo duniya, kuma wataƙila irinsa ne ya faɗa Meziko.

Tunani ne mai daɗi, ba na musu. Ranar da na fara karanta shi sai da na ajiye waya na ɗaga kai sama, duk da a Legas ba tauraron da za ka gani, hasken janareta da hayaƙi sun cinye su.

Amma ka lura, ko a bakin masu shi, ɓoyayyen nauyin bai taɓa dainoso ko ɗaya ba. Gargada ce kawai a hanya. Kuma jimlar farko ta maƙalar tasu ta fara ne da amincewa cewa hujjar lissafin ba ta da ƙarfi sosai. Da suka auna tunaninsu da tunanin cewa duwatsu na faɗowa ne kawai ba tsari, sai suka samu nasu ya rinjaya da uku bisa ɗaya. Uku bisa ɗaya! A kasuwa ba wanda zai sayar da gonar gado ya zuba a kan haka. Masu kimiyya ma ba sa kiran wannan tabbaci, kuma su biyun ba su kira shi haka ba.

A duba isnadi

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ba baƙin wannan aiki ba ne. Yaron da ya yi Islamiyya shekara uku ya san hadisi hawa-hawa ne: akwai sahihi, akwai hasan, akwai mai rauni, akwai ƙirƙirarre. Ya san ana bin sarƙar masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, in mutum ɗaya a ciki ya yi rauni, ruwayar duka ta yi rauni, komai daɗin lafazinta. Malamanmu sukan gama dogon bayani su ce "Wallahu a'alamu", ba wanda ya taɓa raina su don haka. Amma da zarar an ce "masana a Amurka", sai mu ajiye wannan tarbiyya a ƙofa kamar takalmi.

To mu bi sarƙar wannan magana. Cewa akwai ɓoyayyen nauyi, wannan mai ƙarfi ne, hujjoji daga ɓangarori daban-daban sun haɗu a kai. Cewa wani kasonsa yana da waccan ɗabi'a ta musamman, wannan ba wanda ya gani, zato ne. Cewa ya taru ya zama siririn faifai, nan ne aka samu wanda ya je ya duba. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba na'urar Gaia a ƙarshen 2013, ta auna matsayi da tafiyar taurari fiye da biliyan ɗaya. Da faifan yana nan da nauyin da ake buƙata, da an ga taurarin da ke kusa da mu suna lotsawa kamar tayar waccan tirela. Katelin Schutz da abokan aikinta suka bi bayanan, suka wallafa a 2018 cewa ba su ga alamarsa ba, kuma wurin da zai iya ɓuya ya ƙuntata ƙwarai.

Sai batun cewa duwatsu na faɗowa a kan lokaci kamar albashi. Ramukan da aka tabbatar a duniya duka kusan 200 ne, manya daga cikinsu da aka san shekarunsu da kyau kuwa 'yan kaɗan ne. Ruwa da iska da teku sun shafe sauran. Da 'yan ƙalilan irin wannan, mai neman tsari zai same shi ko babu. Mun san masu zama da takardar caca suna lissafin lambobin da suka fito makon jiya, suna rantsuwa sun gano sirrin.

Na ƙarshe a sarƙar shi ne ya fi ba ta matsala. Tunanin yana buƙatar abin da ya faɗo ya zama tauraruwa mai wutsiya daga gajimaren Oort. A watan Agustan 2024 wata tawaga ƙarƙashin Mario Fischer-Gödde na Jami'ar Cologne a Jamus ta auna wani ƙarfe, rutiniyam, a cikin yumɓun nan na iyaka. Sakamakon ya nuna dunƙulen dutse ne mai yawan sinadarin gawayi, irin waɗanda suka samo asali can bayan duniyar Jufita, kuma da wuya ya zama tauraruwa mai wutsiya.

Da malamin hadisi aka kai wa wannan ruwaya, ba zai ce ƙirƙirarriya ce ba, don an san mai ita kuma ba maƙaryaciya ba ce. Zai ce mai rauni ce, ba a gina hukunci a kanta.

"Ai shi ma Alvarez an yi masa dariya"

Wannan ita ce hujjar da ɗan yayata ya kawo, kuma na ji daɗi da ya kawo ta, don ta nuna yana saurare. Ya ce, "Kawu, kai da kanka ka ce an shekara goma ana musu da su, daga baya aka ga ramin. Wa ya sani ko wannan ma haka ne?"

Gaskiyarsa, ta wani gefe. Shi ya sa ban yarda a hana masana hasashe ba. Da ba a yi hasashen faifan ba, da ba wanda zai ɗauki bayanan Gaia ya neme shi, kuma rashin ganinsa ma ilimi ne. Randall ta kawo magana ta kuma nuna inda za a je a ƙaryata ta. Mai ƙarya ba ya nuna maka hanyar gidan shaida.

Amma su Alvarez da yumɓu a hannu suka fara, kowa na iya zuwa ya ɗebo ya auna. Kuma duk shekarar da ta wuce hujja ƙaruwa take yi. Wannan kuwa duk awon da aka yi raguwa take. Akwai wanda ya riga shi ma. A 1984 David Raup da Jack Sepkoski sun ce kamar halittu na ƙarewa duk bayan shekara miliyan 26, a shekarar kuma wasu masana suka ce wataƙila rana tana da wata ɓoyayyiyar abokiyar tafiya, suka sa mata suna Nemesis, ita ke girgiza gajimaren. An yi ta nema, har da na'urar WISE da aka harba a 2009 ta leƙa sararin sama kaf, ba a gan ta ba. Labarin wanda aka yi wa dariya ya zamo mai gaskiya shi ake ta maimaitawa. Na ɗaruruwan da aka yi wa dariya kuma dariyar ta tabbata, ba mai ba da shi.

"Mutanenmu ba sa son dogon Turanci"

Wani abokina da ke harkar bidiyo a Facebook ya taɓa ce mini in ka cika "wataƙila" da "ana zaton", kafin daƙiƙa biyar an wuce ka. Wai Bahaushe yankan shakku yake so.

Wannan raini ne, ko da mai faɗinsa Bahaushe ne. Ku zo kasuwa ku ji yadda ake ciniki da asuba. "Wataƙila mota uku su shigo." "Ana raɗe-raɗin an rufe hanya a Jebba." "Na ji, amma ban tabbatar ba." Dillalin da bai iya bambance "na ji" da "na gani" ba, ba zai yi wata uku da jari ba. Harshenmu ma ya tanadi ƙaramar kalma guda, "wai", don wannan aiki kaɗai: ka ɗauko magana ba tare da ka ɗauki nauyinta ba. Harafi uku. Mai bidiyon nan ya samu wurin sa kiɗan tsoro da "a tura wa mutum goma", amma bai samu wurin harafi uku ba.

Shi kuma "yana nan tafe zai dawo", wannan nasa ne, daga aljihunsa ya ƙara. Ko a lissafin masu hasashen, maganar miliyoyin shekaru ake yi. Wanda ke son jin tsoron dutsen sama na gaskiya, akwai wanda ya fashe a saman Chelyabinsk a Rasha a Fabrairun 2013, faɗinsa kamar mita 20 kacal, ya raunata mutum kusan 1,500, yawancinsu da fasassun gilasai. Irin waɗannan ake sa wa ido, kuma a Satumban 2022 hukumar NASA ta kai wa wani ƙaramin dutse mai suna Dimorphos karo da gangan, ta kuma yi nasarar sauya masa tafiya. Ba ruwan ɓoyayyen nauyi a ciki.

Abin da ke sa na damu shi ne ƙarancin abin karantawa. Mai jin Turanci in ya ji magana ta yi masa girma, zai buɗe shafi goma ya gwada. Mai Hausa zalla sau da yawa bidiyon nan guda shi ne farko shi ne ƙarshe. Wanda ya fara kawo magana cikin harshen, shi ne ya zama malamin gari, ko ya cancanta ko bai cancanta ba. Yau dainoso ne, ba wanda zai mutu. Gobe da wannan muryar za a yi bayanin allurar rigakafi ko maganin hawan jini.

Baba da ƙaryar Bature

Na bar Baba a ƙarshe don girmansa, kuma don shi ne ya fi ba ni aiki. Shakkarsa ba wauta ba ce. Mutumin da ya shekara arba'in a kasuwar Ikko ya ga ƙarya iri-iri, hancinsa ya ji warinta a bidiyon nan, kuma bai yi kuskure ba. Kuskurensa shi ne zaton cewa duk labarin na ƙasar Bature ne.

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ƙasusuwan nan ai a ƙasarmu suke." A Gadoufaoua cikin hamadar Nijar an tono dainoso da dama, har akwai wanda aka sa wa sunan ƙasar, Nigersaurus, mai haƙora kusan 500 da faffaɗan baki, yana kiwo kamar saniya. Wanda ya je gidan tarihi na Yamai zai ga ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi a tsaye. Dutsen sama kuma ba sai an je Meziko ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani ya faɗo a gona a Zagami cikin ƙasar Katsina, kusa da wani manomi, nauyinsa kilo 18. Da aka auna, aka gano daga duniyar Mas ya taso. Gutsattsarinsa na ɗakunan bincike a ƙasashe da yawa yanzu. Tafkin Bosumtwi na Gana ma ramin dutsen sama ne.

Baba ya ce, "To in ma an yi su, Allah ne ya kashe su, ba dutse ba." Na ce ba mu saɓa ba, Baba. Wanda mota ta buge ma Allah ne ya ɗauki ransa, amma ba ya hana a tambayi direba ko birki ne ya tsinke. Sababi ake nema.

Ya yi shiru yana juya shayi. Sai na tuna daga ina albasarsa ke zuwa, na ce, "Baba, ba daga Goronyo kake ba?" Ya ce tushensa ke nan, can aka yanke masa cibiya.

Na ce to a ƙarshen zamanin dainoso, teku ne ya ratsa ta yankin Sakkwato, ruwan gishiri irin na bakin Bar Beach. A cikinsa akwai wata ƙatuwar dabbar ruwa mai dogon baki da haƙora, ba dainoso ba ce, amma zamaninsu ɗaya kuma danginta tare da su suka ƙare. An tono ƙasusuwanta a can, a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus.

Ya ajiye kofi. "Goronyo me?"

Ɗan yayata ya rubuta sunan a waya, hoton ƙoƙon kan ya fito. Baba ya ciro tabarau daga aljihun gaba, ya goge da bakin riga, ya riƙe wayar nesa da fuska ya daɗe yana kallo. Ya ce suna yara sukan tsinci wasu duwatsu masu kamar katantanwa a kan tudu, su yi wasa da su, ba wanda ya taɓa ce musu komai.

Can sai ya ce, "Wannan ɗin, wai ne ko an tabbatar?"

Na ce wannan an tabbatar, Baba, ƙashin yana nan.

Ya ce wa yaron, "Tura mini shi. Wancan na matar kuma ka goge."

Kafin in ce masa ba sai an goge ba, a dai mayar masa da "wataƙila" ɗinsa, aka ji hon daga bakin titi. Tirelar Ogbomosho ce ta iso, tayoyin baya sun lotsa fiye da abin da direba ya faɗa a waya. Na ɗauki littafi da biro na tashi.